Piriton: Me Yake Yi A Jiki, Me Ya Sa Yake Sa Barci?

Da zarar kaka ta yi, an shiga sussuka da shiƙa, sai soshe-soshe da atishawa su yawaita a ƙauyukan Talata Mafara da Bakura da Maradun. Mata masu sussukar gero da dawa suna shan ƙaiƙayi a wuya da hannuwa. Masu bugun shinkafa a gonakin Bakolori suna shaƙar ƙura. Kafin a huta da wannan, sai hunturu ya sauko da hazo da mura. A irin wannan lokaci, 'yar ƙaramar ƙwayar nan da ake kira Piriton tana cikin magungunan da aka fi nema a kemis.

Kusan kowa ya san Piriton. Tana da araha, kuma ana samun ta ko'ina. Amma mutane da yawa sun ɗauke ta maganin barci. Wata uwa takan ba jaririnta don ya daina kuka. Wani yakan sha da dare, da asuba ya hau babur ya ɗauki fasinja. A nan ne haɗarin yake. An yi wannan magani ne don ƙaiƙayi da atishawa. Barcin da yake sa wa, illa ce da take biyo shi. Wanda ya gane haka, zai ci amfanin maganin, kuma ya tsira daga sharrinsa.

Sunansa na ainihi

Piriton sunan kasuwa ne. Kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo, haka ake kiran kowace ƙwaya irin wannan Piriton, ko wane kamfani ya yi ta. Sunan maganin na ainihi shi ne kulofeniramin. A jikin kwali ko leda ana rubuta shi da Turanci kamar haka: Chlorpheniramine. Wasu kamfanoni kuma suna rubuta Chlorphenamine. Duk abu ɗaya ne. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan rubutu, domin zai sake cin karo da shi a jikin wasu magungunan mura.

Me ke kawo ƙaiƙayi?

A cikin fatar mutum, da cikin hanci, da huhu, da hanji, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Aikinsu gadi ne. Kowace tana riƙe da wani sinadari mai suna histamin. Idan baƙon abu ya shiga jiki, kamar yawun sauro ko dafin rina, sai masu gadin nan su saki histamin. Wannan ita ce kururuwarsu ta neman gudummawa.

Histamin yana da wurin da yake shiga a jikin jijiyoyi, kamar yadda makulli yake shiga kwaɗo. Idan ya shiga, abubuwa uku suke faruwa. Ƙananan hanyoyin jini su buɗe, sai wurin ya yi ja, ya yi ɗumi. Ruwa ya tsattsafo daga cikinsu, sai wurin ya kumbura. Jijiyoyin fata su motsu, sai mutum ya ji ƙaiƙayi. Idan a hanci ne, sai atishawa da majina. Idan a ido ne, sai ja da hawaye.

Wannan duk kariya ce da Allah ya yi wa jiki. Amma akwai mutanen da masu gadin jikinsu suke da saurin firgita. Ƙurar da ba ta dami kowa ba, ko garin furen ciyawa, ko wani abinci kamar gyaɗa ko kifi ko ƙwai, sai ya sa su saki histamin mai yawa. Shi ne ake cewa jikin wane ba ya son abu kaza. Borin jini ma ta haka yake tasowa.

Aikin kulofeniramin shi ne ya riga histamin zuwa bakin kwaɗon, ya toshe shi. Histamin yana nan a jiki, amma ya rasa ƙofar shiga. Sai ƙaiƙayi ya lafa, atishawa ta ragu. A lura da kyau: maganin bai kori abin da ya ta da masu gadin ba. Kururuwarsu kawai ya kashe.

Yadda aka gano shi

A shekarar 1910 wasu masana biyu a Ingila, Henry Dale da Patrick Laidlaw, suka bayyana irin abin da histamin yake yi a jiki. Daga nan aka shiga neman abin da zai tare shi. A 1937, a Cibiyar Pasteur da ke birnin Faris na ƙasar Faransa, Daniel Bovet da Anne-Marie Staub suka sami sinadarin farko mai yin haka. Sai dai yana da guba, ba a iya ba mutane. A 1942 aka sami na farko da aka yi wa mutane magani da shi, a can Faransa. Kulofeniramin kuwa an fara amfani da shi a 1949. Ke nan ya haura shekara 70 a hannun likitoci. Shi kuma Bovet an ba shi babbar kyautar nan ta Nobel a 1957.

Abin da ke cikin ƙwayar

Masana kimiyyar haɗa magunguna sun nuna cewa kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Tubalan kulofeniramin iri huɗu ne, kuma manomi ya san su duka, ko da bai san sunayensu ba. Akwai kabon, wanda shi ne asalin gawayi. Akwai haidurojin, wanda yake cikin ruwa. Akwai naiturojin, wanda shi ne ƙarfin takin yuriya. Akwai kuma kulorin, wanda yake cikin gishirin miya. A kowane ɗigo mafi ƙanƙanta na maganin akwai kabon 16, haidurojin 19, naiturojin 2, da kulorin 1. Jimla 38 ke nan.

Yadda aka jera tubalan shi ne sirrin. An jera su ne zobe biyu da 'yar jela. Jelar tana kama da wani sashe na histamin, shi ya sa take dacewa da kwaɗon. Zobban kuma suna da girma, su ne suke tokare ƙofar. Shi wannan kulorin ɗaya tak ba ƙaramin aiki yake yi ba. Akwai wani magani mai suna feniramin, wanda gininsu ɗaya, kulorin ɗin ne kawai babu. Shi sai an sha miligiram 25 ko fiye, amma kulofeniramin miligiram 4 ya isa.

Miligiram 4 bai kai rabin nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Sauran abin da ke cikin ƙwayar Piriton sitaci ne da sukari da launi, don a sami abin riƙewa a haɗiye. Saboda haka kada ƙanƙantar ƙwayar ta ruɗi kowa. Hausawa sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Daga ina barcin yake zuwa?

Histamin yana da wani aiki dabam a cikin ƙwaƙwalwa. A can shi ne yake taimaka wa mutum ya zauna a farke, hankalinsa a kan abin da yake yi. Da rana yana aiki sosai, da dare ya lafa.

Ƙwaƙwalwa tana da shinge, kamar dangar da ake yi wa lambu. Ba kowane abu da ke cikin jini ne yake ƙetare shi ba. Amma kulofeniramin ƙarami ne, kuma yana narkewa a cikin maiƙo, don haka yana wucewa. Idan ya shiga, sai ya toshe ƙofofin histamin na can kamar yadda ya toshe na fata. Sai gyangyaɗi ya zo, jiki ya mutu, tunani ya yi nauyi.

Maganin yakan fara aiki cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Hanta ce take narka shi, ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Amma fitar tasa a hankali ce. A jikin babban mutum, sai an yi kamar awa 20 kafin rabinsa ya fita. Shi ya sa wanda ya sha da dare yakan tashi da magagi da kasala.

Ban da haka, maganin yana taɓa wasu jijiyoyi masu kula da yawu da hanji da mafitsara da ido. Daga nan ne ake samun bushewar baki, da taurin bayan gida, da wahalar fitsari, da gani dishi-dishi.

Inda yake da amfani

Piriton yana taimakawa a waɗannan wurare:

1. Borin jini, wato ƙuraje masu faɗi da suke tasowa farat ɗaya da ƙaiƙayi.
2. Cizon sauro, ko kuɗin cizo, ko cinnaka, ko harbin rina da zuma, idan kumburin ya tsaya a wurin cizon.
3. Atishawa da zubar majina da ƙaiƙayin ido saboda ƙura ko furen ciyawa.
4. Ƙaiƙayin ƙarambau, don yaro ya rage susa, ƙurajen kada su zama gyambo.
5. Ƙaiƙayi mai sauƙi da ya biyo bayan wani abinci ko wani magani. A nan dole a daina abin, kuma a sanar da malamin asibiti.

Ga mai mura, yana rage atishawa da zubar hanci kaɗan. Amma ba ya kashe ƙwayar cutar mura, ba ya kuma rage kwanakinta.

Inda ba ya aiki

Ba kowane ƙaiƙayi ne histamin yake kawowa ba. Wanda ya taɓa gogar karara a daji ya san irin azabar ƙaiƙayinta. Gashin karara yana da nasa dafin, wanda yake bin wata hanya dabam zuwa jijiya. Piriton ba ya tare wannan hanya.

Haka labarin kulorokwin yake. Manya suna tuna zamanin da shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro. Yana sa baƙar fata da yawa ƙaiƙayi mai tsanani, har wasu su kwana suna susa. A lokacin akan haɗa shi da Piriton, amma sau da yawa ƙaiƙayin ba ya tafiya, barci ne kawai yake ɗauke mutum. A 2009 masu bincike a Amurka suka gano dalili: kulorokwin yana da tasa ƙofar a jikin jijiya, ba ta histamin ba. Nijeriya ta canja babban maganin zazzaɓin cizon sauro a 2005, aka koma magungunan haɗi irin su Coartem. Piriton kansa kuwa ba maganin zazzaɓi ba ne.

Akwai kuma cututtukan da shan Piriton zai ɓoye su, alhali suna ci gaba da cin jiki. Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne yake haƙa rami a cikin fata. Maganinta na shafawa ne, kuma sai an yi wa duk mutanen gida, an wanke tufafi da shimfiɗa. Makero shi ma da nasa man shafawa. Masu shiga magudanan ruwa na Bakolori, manoma da masunta da yara masu wanka, wani lokaci sukan ji ƙaiƙayi a ƙafa bayan sun fito. Idan daga baya aka ga jini a fitsari, wannan tsargiya ce. Tana da maganinta a asibiti. Ƙaiƙayin da ya zo tare da rawayar ido kuwa alamar ciwon hanta ce. Ƙaiƙayin da ya wuce mako biyu, a kai shi asibiti a duba.

Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne wannan. Idan zuma ta harbi mutum, ko ya sha wani magani, ko aka yi masa allura, sai leɓe da harshe suka kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, ko ya yanke jiki ya faɗi, to, rai ne a bakin ƙofa. Ƙwayar Piriton ba ta da saurin da za ta cece shi. Allurar adirinalin ce take ceto. A garzaya da shi asibiti mafi kusa nan take. Haka kuma Piriton ba ya buɗe ƙirjin mai asma, ba ya kashe dafin maciji.

Yadda ake shan sa

Ga ƙa'idar da aka saba rubutawa a takardar maganin:

Babba, da yaron da ya kai shekara 12: ƙwaya 1 mai miligiram 4, bayan kowace awa 4 zuwa 6. Kada a wuce ƙwaya 6 a kwana ɗaya.

Tsoho: kada ya wuce ƙwaya 3 a kwana ɗaya.

Yaro mai shekara 6 zuwa 11: rabin ƙwaya a kowane sha. Kada a wuce sau 6 a kwana ɗaya.

Yaron da bai kai shekara 6 ba: ba a ba shi ƙwaya. Na ruwa ake ba shi, kuma malamin asibiti ne zai faɗi awon. A yi amfani da cokalin awo da ke cikin kwalin. Cokalin gida ba shi da tabbas, wani babba ne, wani ƙarami.

Jaririn da bai kai shekara 1 ba: ba a ba shi sam.

Wannan iyaka ce, ba wajibi ba. Idan ƙwaya ɗaya ta kashe ƙaiƙayin, babu dalilin ƙarawa. Magungunan mura da yawa, irin su Procold da Mixagrip, suna da kulofeniramin a cikinsu. Wanda ya sha su ya kuma ɗora Piriton a kai, ya sha magani ɗaya sau biyu. A nan ne iya karatu yake da rana. A juya kwalin, a karanta abin da ke ciki.

Gargaɗi ga iyaye mata

Raino da wuya. Uwa ga daka, ga girki, ga ɗiban ruwa, ga yaro yana ta kuka. Amma kukan jariri maganarsa ce. Ko yunwa yake ji, ko ciwon kunne, ko ciwon ciki, ko zazzaɓi. Idan aka sa shi barci da magani, an rufe masa baki ne, ciwon yana nan. Zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suna iya yin nisa a cikin dare ɗaya. Yawan barci yana cikin alamomin da ake gane cewa ciwo ya yi tsanani. Idan magani ne ya sa barcin, uwa ba za ta gane ba, malamin asibiti ma zai rikice.

Jikin ƙaramin yaro ba ya ɗaukar maganin kamar na babba. Wani yaron maimakon barci sai ya birkice, ya ƙi kwanciya, ya yi ta fizge-fizge. Idan maganin ya yi yawa, jiki yakan yi zafi, fata ta bushe, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, har a kai ga jijjiga ko mutuwa. Yaron da ya haɗiyi ƙwayoyi da yawa, a kai shi asibiti nan da nan tare da kwalin maganin, ko da bai nuna wata alama ba tukuna.

Piriton yana da ɗan'uwa mai suna Phenergan, wanda ake bayarwa don amai. Ya fi shi sa barci. A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mai ƙarfi a jikinsa, cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin an sami yaran da numfashinsu ya tsaya suka mutu. Yaro mai amai da gudawa, abin da yake bukata shi ne ruwan gishiri da sukari, da nono, da asibiti.

Mace mai ciki ta tambayi malaman awo kafin ta sha. Mai shayarwa ta sani cewa maganin yana bi ta nono, yana iya sa jariri barci har ya kasa tsotso sosai.

Gargaɗi ga direbobi da masu inji

Hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta bi ta Talata Mafara, manyan motoci ba sa yankewa a kanta. Ranar Talata kuwa, ga 'yan kabu-kabu, ga amalanke, ga dabbobi, ga masu ƙafa. Direban da ya sha Piriton, ko idonsa biyu, hannunsa da ƙafarsa sun rage sauri. Abin tsoron shi ne, sau da yawa shi bai san haka ba. A shekarar 2000 an yi wani gwaji a Jami'ar Iowa ta Amurka da wani maganin dangin Piriton mai suna difenhaidiramin. Tuƙin waɗanda suka sha shi ya fi na waɗanda aka ba giya lalacewa.

Saboda haka wanda ya sha, kada ya tuƙa mota ko babur ko tarakta. Kada ya tsaya kan injin niƙa ko injin casa. Kada ya shiga rijiya, kada ya hau bishiya, kada ya shiga kwalekwale shi kaɗai. Goro da shayi ba sa karya maganin.

Ga irin waɗannan ma'aikata akwai mafita. Tun wajen shekarun 1980 aka fito da sababbin magunguna, irin su loratadin da setirizin. Aikinsu ɗaya da Piriton, amma da ƙyar suke ƙetare shingen ƙwaƙwalwa. Don haka barcinsu kaɗan ne, kuma sau ɗaya ake sha a rana. Duk da haka setirizin yakan sa wasu gyangyaɗi. A fara gwada shi ranar da ba za a yi tuƙi ba.

Tsofaffi da masu wasu cututtuka

Tsoho ya yi hattara. Maganin yana sa shi jiri, ya tashi fitsari da dare ya faɗi ya karye. Yana kuma iya ruɗa masa tunani. Dattijon da fitsari yake fito masa da ƙyar, Piriton yana iya ɗaure fitsarin gaba ɗaya, sai an sa masa roba a asibiti. Mai farfaɗiya, da mai ciwon hanta, da mai ciwon idon nan da ake kira gilakoma, kada su sha sai da izinin likita.

Kada a haɗa shi da giya, ko tiramadol, ko baliyam, ko maganin tari mai kodin. Duk suna danne ƙwaƙwalwa, idan suka haɗu numfashi yana iya tsayawa. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, saboda yadda ya lalata matasa. Wanda kuma yake shan Piriton kullum don rashin barci, ya sani jiki yana sabawa da shi cikin 'yan kwanaki. Daga nan sai ya riƙa ƙara yawan ƙwayar, barcin bai samu ba, illar ta ƙaru. Rashin barci yana da dalili, a je a nemo shi.

Wajen saye da ajiya

A sayi magani a asibiti ko a kemis mai rajista. A guji na masu talla a tire, wanda ya wuni a rana, ko wanda aka ƙulla a leda babu suna. A duba abu uku a jikin kwali: sunan maganin, lambar hukumar NAFDAC, da ranar da zai lalace. A gida, a ajiye shi a sama, a inuwa, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada a sa shi cikin kwanon goro ko ƙarƙashin matashi.

Rigakafi ya fi magani. Mai sussuka da mai casa su ɗaura ƙyalle a hanci, su sa riga mai dogon hannu, su yi wanka da an tashi aiki. A kwana cikin gidan sauro. A shafa mai a jiki lokacin hunturu, domin bushewar fata kaɗai tana kawo ƙaiƙayi. Wanda ya iya karatu a gida, ya karanta wa saura abin da ke jikin kwalin magani kafin kowa ya sha.

Allah ya ƙara wa kowa lafiya, amin.